Rubutun da Ya Ƙi Wankuwa

"Malam, rubutun naku ba ya wankuwa."

Magagi yana durƙushe yana naɗe tabarmin da jama'a suka tashi a kai bayan wa'azin safe. Ya ɗaga kai. Wata Bafillatana ce tsaye a bakin rumfar, doguwa, yunwa ta ƙara mata tsawo, kitsonta ya tsufa a kanta har ya soma warwarewa da kansa. Ya gane fuskar. Kwana huɗu da suka wuce ta zauna can ƙarshen tabarmar mata, ba goyo ba ƙwarya, ta kafe shi da ido tun daga farkon magana har amin. Ranar ya koma ɗaki yana gode wa Ubangiji saboda ita.

"Wane rubutu, baiwar Allah?"

Ta kwance bakin zanenta ta miƙo masa wani ɗan abu. Katinsa ne, irin wanda yake raba wa masu jiran magani kowace safiya a gidan maganin mishan. A gabansa akwai ayar Linjila da aka buga da inji, a bayansa kuma lambar layi, wadda shi da kansa yake rubutawa da alƙalaminsa mai shuɗiyar tawada. Katin ya jiƙe ya bushe, ya sake jiƙewa, har ya kumbura, gefensa ya zagwanye. Amma baƙaƙen ayar suna nan daram, ko ɗigo bai gusa ba.

Ta ce sunanta Dija, suna zaune a bukkokin gindin dutse, gabas da rijiyar dabbobi, inda waɗanda shanunsu suka ƙare suka taru. A tsanake ta yi bayani, kamar wadda aka ara wa guga ta tarar yana zuba ta dawo ta shaida wa mai shi. Ta jiƙa katin a ƙwarya ya kwana. Ta cuɗa da yatsa. Ta sa kanwa, ta gwada ruwan zafi. Takardar ce ke cinyewa, rubutun ya ƙi sauka.

"Na bayan dai ya hita tun ran farko," in ji ta. "Shi na ba su sunka sha."

Magagi ya juya katin. Inda ya rubuta arba'in da ɗaya babu komai sai wani shuɗi-shuɗi da ya rage a jikin takardar.

"Su wa suka sha?"

"Ɗiyana, su biyu. Ƙyanda ta kama su." Ta kau da fuska wajen dutsen. "Babban ya tahi jiya da hantsi. Ƙaramar na nan, Bintu, numfashinta na ja. Na aro allo. Ka zo ka rubuta mini da hannunka, da tawadar da ke wankuwa."

Ba ta faɗi sunan wanda ya rasu ba. Ɗan fari ne, kuma kunyarsu ba ta barin uwa ta kira sunan ɗan fari, ko yana raye ko yana ƙarƙashin ƙasa. Magagi ya san haka, haifaffen ƙasar Kurfai ne, tare da Fulani ya tashi. Ya zauna a kan naɗaɗɗiyar tabarmar ba tare da ya yi niyya ba.

Shekara goma sha huɗu ke nan da aka sauke tutar Faransa, shekara ta shida kuma da sama ta soma rowa. A bana ta ƙi gaba ɗaya. Gero bai kai gwiwa ba ya ƙone a tsaye, rumbunan Kurfayawa suka zama ɗakunan ɓera, makiyaya suka yi ta gangarowa daga wajen Abala da sanduna a kafaɗa ba abin korawa. Gidan maganin da ke ƙauyen nan kusa da Filinge, wanda a da yakan ga mutum goma sha biyar a yini, yanzu kafin rana ta fito sittin sun tsugunna a ƙofarsa. Tsarin gidan kuwa tun kafuwarsa ɗaya ne: sai an yi wa'azi sannan a buɗe tagar magani. Magagi ne mai wa'azin. Da turereniya ta yi yawa, shi ne ya tuna da wani kwali na katunan ayoyi da ke ajiye a ɗakin kaya, ya ce a rinƙa rubuta lamba a bayansu, mutum ya karɓa bayan wa'azi, ya miƙa a taga idan an kira lambarsa. Ya ji daɗin wannan dabara tasa ƙwarai. Layi ya gyaru, kuma Kalmar Allah tana shiga hannun kowa.

Ranar da Dija ta fara zuwa, labarin wani babban soja na cikin Linjila ya bayar, wanda baransa ke kwance a gida yana jin jiki, ya tafi wurin Yesu neman taimako, ya kuma hana shi wahalar takawa zuwa gidan, yana ganin magana kawai daga inda yake tsaye ta wadatar. Magagi ya iya ba da labari, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Ya ɗauko sojan ya sa masa jar hula irin ta masu gadin kumandan, Baturen mulki, a zamanin Nasara, ya sa shi tafiya cikin rairayin kwarin Dallol, har tsofaffi suna gyaɗa kai. Ya ce su duba, mutumin bai ɗauko mara lafiya ba, bai ja shi cikin rana ba, kalma kaɗai ya riƙe da bangaskiya ya koma gida ya tarar an warke. Shi ma kansa labarin yana taɓa shi. Yana rufe baki ya bi layi yana saka wa kowa takarda mai rubutun Allah a tafin hannu.

Kuma babu uwa a ƙasar nan da ba ta san cewa mai ƙyanda ba a fitar da shi rana ba, ba a yi masa wanka, ba a kusantar da allura gare shi, don kada ƙurajen su koma ciki. Babu kuma wadda ba ta san abin da ake yi da rubutu mai tsarki ba: wankewa ake yi a sha. Shi kansa Magagi ya sha rubutu ya fi a ƙirga daga hannun mahaifinsa, kafin ya bi Almasihu mahaifin ya daina amsa gaisuwarsa. Yaya aka yi bai gani ba? Ya gani mana. Tun farkon wata Kailu mai ba da magani yake mita cewa ana raba kati sittin, arba'in ke dawowa taga. Magagi ya yi murmushi ya ce mutane ne ke son ayar, suna ajiyewa. Har wasiƙa ya rubuta wa manyan mishan a Yamai, ya ce musu Bishara ta fara kwana a bukkokin Fulani.

Ya ce wa Dija ta jira shi a inuwa, ya zagaya ta bayan ɗakin magani.

Kailu Ba'are ne daga wajen Dogon Dutsi, gajere mai faɗin ƙirji, Musulmi, yana sallarsa a bayan ɗakin kaya ba ya shiga harkar wa'azi. Shekara takwas yana ɗaurin gyambo da yin allura a gidan, kuma tun da Madam, Baturiyar da ke riƙe da wurin, ta tafi Yamai roƙon magani mako biyu da suka wuce, shi ne lokotoro, wato likita, shi ne komai. Ya karɓi katin ya juya shi gaba da baya, ya saurari bayanin bai katse ba. Sannan ya tambaya a hankali ko Magagi ya san kati nawa ne suka ƙi dawowa tun da aka soma. Magagi ya ce bai lissafa ba. Kailu ya ce shi ya lissafa, sun haura ɗari biyu.

"Ashe ka fi ni marasa lafiya, Fasto," in ji shi. "Ni taga ɗaya gare ni. Kai kana da reshe a kowace bukka."

Magagi ya roƙe shi ya ɗauki allura su tafi. Kailu ya tuna masa dokar Madam, cewa kwalbar penisilin ba ta ƙetare ƙofar gidan, ga shi saura ƴan kaɗan, ga sauran mutum talatin a layi tun asuba. Yana faɗa yana hura wutar risho, yana jefa sirinji cikin ɗan kwanon da yake dafa shi. Da ruwan ya tafasa ya naɗe kayan cikin tsumma mai tsabta, ya leƙa ta taga ya gaya wa mutane su koma inuwar gawo, zai dawo kafin la'asar. Wani tsoho ya ɗaga katinsa ya ce shi fa lambarsa ta kusa. Kailu ya ce ya riƙe ta da kyau, kada dai ya sha.

Suka bi Dija. Tana gaba, ba ta waiwaye, ƙafafunta ba takalmi a kan rairayin da ke ƙuna. Suka wuce rijiyar dabbobi, inda babu dabba sai ƙasusuwa da fatun da suka bushe a kansu, ungulaye ma sun ƙoshi sun daina sauka. Suka wuce gidajen tururuwa da mata suka tone don neman ƙwayar hatsi, suka wuce bishiyoyin anza da aka tsige ƴaƴansu tun suna ɗanye. Jan dutsen Dallol yana gabansu yana rawa cikin zafi.

A hanyar ne ƙafar Magagi ta hagu ta tuna masa da kanta. A can ƙasan ƙwauri akwai tabo mai faɗin tafin hannu. Shekarar da aka sami mulkin kai ya tafi Yamai aikin gini, gyambo ya kama shi har ana maganar yanke ƙafar, wani mai bishara ya kai shi gidan magani, ya zauna kusa da shi yana karanta masa yadda Yesu ya taɓa kutare, ya buɗe idon makafi, ya ta da shanyayye daga tabarmarsa. Ƙafar ta warke, Magagi ya ba da gaskiya. Ya ba da wannan shaida sau ɗari a ƙarƙashin rumfa, yana ɗage wando yana nuna tabon. A shekarun farko yakan ambaci allura goma sha takwas da aka yi masa. Daga baya ya rage su zuwa "ɗan magani". A ƴan shekarun nan ya bar su gaba ɗaya, don suna rage wa labarin daɗi. Bai taɓa ɗaukar wannan ƙarya ba. Gyaran zance ya ɗauke shi, irin wanda kowane mai iya magana ke yi.

Bukkokin sun fi hamsin, na tsofaffin tabarmi da buhunan jar dawar taimako, an kafa su a jikin dutse don samun inuwar yamma. Ba kukan saniya, ba ƙarar turmi. A ƙofar wata ƙaramar bukka wata tsohuwa tana zaune da carbi, idanunta sun faɗa amma suna gani sarai. Ita ce Inna Habsa, uwar mijin Dija. Mijin, Gidaɗo, ya kora shanu bakwai da suka rage ya yi kudu wajen Gaya wata uku ke nan, ya bar iyalinsa a hannun uwarsa, har yau ba labari.

Tsohuwar ta amsa sallamar Magagi da girmamawa, ta sa aka shimfiɗa masa fatar da take sallah a kai. Da ta ji harshen Kailu kuwa ta gane Ba'are ne, abokin wasansu, sai ta ce wa ya gayyato bawanta, ko ya ji ƙamshin nono ne, to ya makara, shanun sun riga shi tafiya. Kailu ya ce ya zo ne ya ga yadda Fulani ke kiwon duwatsu, ya ji an ce sun ƙware. Ta yi ƴar dariya marar ƙarfi. Dariyar ta tsaya da ta ga abin da ke cikin tsumman da yake kwancewa.

Suka sunkuya suka shiga. Cikin bukkar duhu ne da zafi, an toshe kowace kafa da tsumma don kada iska ta taɓa yarinyar. Bintu ba ta fi shekara uku ba. Ƙurajen sun soma saɓa, idanunta sun manne da ƙwantsa, leɓunanta sun tsage. Kowane numfashi sai fatar da ke tsakanin haƙarƙarinta ta lotsa ciki, sannan ta sake shi da ɗan gurnani. Kusa da ita akwai wata tabarmar da aka naɗe aka jingine, da ƙaramar sandar kiwo a kanta. Kailu ya durƙusa ya ɗora kunnensa a bayan yarinyar, dama da hagu, ya daɗe. Da suka fito ya faɗa a gaban kowa cewa ƙyandar ta wuce, abin da ya rage ciwo ne da ya sauka a ƙirji, kuma shi allura ke kashe shi. In an soma yau, aka yi gobe da jibi, akwai fata. In aka bari sai gobe, shi ba zai sake tako wannan rairayin ba, don ba amfani.

Inna Habsa ta girgiza kai. Ta ce a Abala an yi wa jikan ƙanwarta allura yana cikin ƙyanda, kafin magariba ya cika. Ta ce ɗanta ya bar mata jikoki biyu, ɗaya ya tafi da ikon Allah, wannan za ta iya faɗa masa idan ya dawo. Amma ba za ta iya ce masa ta miƙa ɗayar ga ƙarfen Nasara da hannunta ba. Rubutu suka aika a kawo, ba ƙarfe ba.

Dija ta shiga ta fito da allon, ta ajiye a gaban Magagi, da ɗan ƙoƙon tawada da alƙalamin kara da ta aro wurin wani malami a ƙarshen zangon. Ta koma gefe ta tsugunna.

Kafin nan mata sun fara taruwa, don labari ya zaga cewa mai wa'azin ya zo da kansa. Magagi ya dube su, ya ga abin da bai so gani ba. Ga katinsa an naɗe cikin ƙyalle an rataya a wuyan wani jariri. Ga wata ta riƙe nata a jiƙe, ta zo ita ma da irin ƙarar Dija. Ga wani an soke shi a saman ƙofar bukka. Suna kallonsa da fuskokin nan da yake so, fuskokin da ke sa muryarsa ta yi daɗi da safe.

Kailu ya matso ya yi masa raɗa da Faransanci, don kada a ji.

"Rubuta musu wani abu, ko sunanka ne. Ka ce rubutun ba ya ci sai an haɗa da allura. Tsohuwar za ta yarda, na san irinsu."

Gaskiya ne, za ta yarda. Magagi ya ɗauki alƙalamin, hannunsa ya tuna yadda ake riƙe shi tun zamanin da yake gaban malam yana yaro. Ya tsoma a tawada. Layi biyu kawai, a wanke a ɗura wa yarinyar, Kailu ya yi aikinsa, kowa ya tashi da mutuncinsa. In ta warke za a ce rubutun mai wa'azi ne, gobe alluna hamsin za su zo rumfa, yara kuma su ci gaba da kwana a cikin duhun bukkoki suna jiran ruwan tawada. Zai zama abin da suka riga suka ɗauke shi. In kuma bai rubuta ba, ga numfashin Bintu yana jiyowa ta cikin tabarmar bukka, yana ja, yana saki. Ya yi addu'a a zuciyarsa, irin gajeriyar nan ta wanda ruwa ya ci, bai ji an amsa masa da komai ba. Tawadar ta ɗiga a kan fatar salla. Ya ajiye alƙalamin.

Ya miƙe tsaye ya yi magana, ba da muryar rumfa ba, da wata busasshiya da shi kansa bai san yana da ita ba. Ya ce musu katin nan ba magani ba ne. Lambar layi ce, don a san wanda ya riga wani zuwa taga. Abin da aka buga a gabansa maganar Allah ce, amma don a karanta a ji aka yi ta, ba ta cikin tawadar, ko ta wanku ba abin da za ta yi wa ƙirjin yaro. Ya ce Yesu ya warkar da baran sojan daga nesa domin shi Yesu ne, shi kuwa Magagi ɗan Na'Allah ne na nan ƙasar, wanda aka yi wa allura goma sha takwas kafin ƙafarsa ta warke. Ya kamata ya ce musu su kawo yaran, bai faɗa ba. Duk mai mara lafiya a ɗaki ta fito da shi.

Ba wadda ta motsa. Matar da ke riƙe da jiƙaƙƙen kati ta dube shi, ta dubi katin, ta sake shi ya faɗi ƙasa. Kailu ya yi tsaki, ya ce da Hausa a wannan karon, kowa na ji, Fasto ya wanke zuciyarsa, saura a ga wanda zai biya.

Inna Habsa ta janye fatar sallarta daga inda yake, ta karkaɗe ta.

"Can ka ce magana ta isa, nan ka ce ba ta isa ba," in ji ta. "Kai da bakinka ka ce ka ɓad da mu. To mi zai sa in yarda da ƙarfen da ka kawo?"

Magagi ya ga sarai abin da ya yi: abu ɗaya da yake da shi a wurin nan shi ne sun yarda da shi, ya kuwa zubar da shi a daidai lokacin da yarinyar ke bukatarsa. Tsohuwar ta ja jiki ta zauna a tsakiyar ƙofar bukkar, ta miƙe ƙafafunta, ta ci gaba da jan carbi.

Dija ce ta yi magana daga inda take tsugune. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube shi ba, ƙasa take kallo.

"Malam, ka ce wanda ya ba da gaskiya shi aka warkar ma. Tun jiya nike auna kaina. Na ce tawa ce ta gaza, shi ya sa rubutun ya ƙi ni, shi ya sa wancan ya tahi. Tawa ce?"

"Ba taki ba ce," in ji Magagi. "Ko kaɗan ba taki ba ce."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar ta riga ta kai ga wannan da kanta. Ta ce ran nan wurin mai taga ta nufa, don ta gaya masa yadda jikin yaran yake, ko zai ba ta abin da za ta kai musu. Maƙwabciyarta da suka tafi tare barci ta yi ta yi lokacin wa'azin, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, da aka kira lambarta ta tashi ta je taga, aka ce ta koma ta goyo ɗanta, ta goyo shi. Ga shi can yana wasa da ƙasa.

"Ni ce na saurare ka," ta ce. "Duk rumfar nan ba wadda ta saurare ka kamar ni."

Magagi ya so ƙasa ta tsage. Da zagi ta yi masa, da ta watsa masa tawadar a fuska, da ya sami abin riƙewa. Shekara tara yana roƙon Ubangiji ya ba shi mutum ɗaya a ƙasar Kurfai wanda zai ji maganar ya ɗauke ta dukanta, ba don ƙwayar magani ba, ba don kunyar Madam ba. An ba shi. Ga ta tsugune a gabansa, ta binne ɗanta jiya, ba ta da ikon ko kiran sunansa.

Daga cikin bukkar tari ya taso, siriri, ya sarƙe, ya yi shiru na wani lokaci mai tsawo har Kailu ya ɗaga kai, sannan numfashin ya dawo da gurnaninsa. Kailu ya dubi inuwar dutsen da ta fara miƙowa, ya ce mutum talatin na jiransa, ya soma naɗe tsummansa.

Dija ta miƙe. Tun da aka kawo ta gidan Gidaɗo ba ta taɓa cin abinci a gaban uwarsa ba, ba ta taɓa haɗa ido da ita ba, balle ta ƙetare maganarta. Ta je ƙofar bukkar ta durƙusa, ta ce, "Inna, gafara." Tsohuwar ba ta gusa ba. Dija ta zagaya gefe, ta kama tabarmar da aka yi bangon bukkar da ita, ta fizge ta daga jikin itacen. Rana ta faɗa cikin ɗakin. Matan da ke tsaye suka ja da baya, wata ta rufe bakinta da hannu. Ta sunkuya ta ɗauko Bintu, ta fito da ita fili, ta zauna a ƙasa ta kwantar da ita a cinyarta, ta juya ɗan ƙugun da ba sauran nama a jikinsa.

Inna Habsa ta ce in abin ya faru ita za ta gaya wa Gidaɗo da bakinta wanda ya yi.

"Ki gaya mishi, Inna. Ni ma zan gaya mishi." Dija ta dubi Kailu. "Kwance kayanka, Ba'are, ka yi mata. Gobe da jibi ni zan goyo ta in kawo." Sannan ta juyo ga Magagi, karo na farko tun da suka iso, da idanun nan da suka kafe shi a rumfa. "Kai kuwa, Malam, ba ka komawa da shi. Nan za ka zauna bakin ɗakin ga har mu ga abin da Allah zai yi. In ta tashi, ka gani da idonka. In ba ta tashi ba, maza sun ƙare a zangon ga, kai za ka tona."